Zazzaɓin Lassa da Ɓeran Rumbu

Zazzaɓin Lassa yana cikin cututtukan da kan kai majinyaci ga zubar jini. An fara gano shi a 1969, bayan wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, aka kai ta Jos, ta rasu a can. Ban da Najeriya, ya zauna daram a Saliyo da Laberiya da Gini.

Mai ɗauke da ƙwayar cutar wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys. Shi ba ta kwantar da shi, sai dai yana zubar da ita cikin fitsari da kashinsa duk inda ya bi. Mutanen karkara ne suka fi shiga haɗari, domin rayuwarsu da tasa a cakuɗe take. Da rani, in an gama girbi aka sa wa daji wuta, ɓeraye kan kwararo gidaje. Sukan shiga rumbu, su bi ta kan masara ko rogon da aka shanya a bakin hanya, da dare kuma su leƙa kwanon tuwon da aka bari ba murfi. Yaran da ke farautarsu su gasa sukan kamu wajen feɗewa. Yawanci daga Disamba zuwa Afrilu ciwon ke ƙamari, musamman a Ondo da Edo da Bauci da Taraba.

Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai. Ga sauran kuwa, yana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da kasala, kamar zazzaɓin sauro, sai a yi ta shan magani a gida kwanaki na wucewa. Wannan jinkiri shi ya fi illa, domin maganin ribavirin da ake bayarwa ya fi tasiri a kwanakin farko, ɗakin gwajin jini kuma yana da nisa da ƙauye. Wasu sukan warke su kurumce. Mai tsohon ciki in ta kamu, da wuya ɗan ya tsira.

Har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita. Abin dogaro shi ne rufe abinci da hatsi, toshe ramuka, da kai shara nesa da gida. Masu jinya da masu wankan gawa su ma sukan ɗauka daga jini ko aman majinyaci, shi ya sa ake killace shi a asibiti.