Lissafin guba a Amurka: wa ke rubutawa, wa aka ɗauke ma?

Kowane manomi ya san maganin ƙwari guba ne. Makiyayi ma ya san maganin kaska yana iya kashe ɗan akuya in an zarce awo. To, akwai wuraren da ake ajiye irin wannan guba tan-tan, kusa da gidajen mutane. A ƙasar Amurka doka ta tilasta ma masu irin wannan ajiya su rubuta abin da ke hannunsu kowace shekara. Amma ta ɗauke ma gidajen likita da ɗakunan bincike wannan aiki a kan wasu kaya. Ga asalin dokar, da dalilin wannan rangwame.

Asalin dokar

Maganar ta fara daga ƙasar Indiya. A garin Bopal akwai wata masana'anta ta kamfanin Amurka mai suna Union Carbide. Maganin ƙwari na gona take yi. A daren 2 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga cikin wani babban tanki na guba. Tankin ya yi zafi, iska mai guba ta fita ta rufe unguwannin talakawa suna barci. Mutane fiye da 2,000 suka mutu cikin kwanakin farko. Fiye da 500,000 suka shaƙi iskar. Maƙwabta ba su san abin da ke cikin tankin ba. Likitocin garin ma ba su san irin gubar da suke fama da ita ba.

Bayan wata takwas, a Agusta 1985, wata masana'anta ta wannan kamfani cikin Amurka kanta ta saki iska mai guba. An kai mutane fiye da 100 asibiti. Sai jama'a suka tada murya, suka ce dole su san abin da aka ajiye kusa da su. Majalisar ƙasar ta yi doka, shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu ran 17 ga Oktoba 1986. Manufarta biyu ce: a yi shiri tun kafin haɗari, kuma jama'a su samu haƙƙin sani.

Abin da dokar ta ce

Duk wurin aikin da ya tara kaya mai haɗari da yawa, sai ya cika takarda. Zai rubuta sunan kayan, da yawansa, da inda aka ajiye shi. Takardar tana zuwa wuri uku: hukumar jiha, kwamitin yanki, da ƴan kashe gobara. Ana kai ta kowace shekara, kada ta wuce 1 ga Maris. Ɗan gari yana iya zuwa ya nemi a nuna mashi abin da aka rubuta.

Ba kowace kwalba ake rubutawa ba. Akwai awo. Ga yawancin kaya mai haɗari, awon ya kai wajen kilo 4,500, kamar buhu 90 ke nan na kilo 50. Ga guba mai tsanani kuwa, wajen kilo 227 ne, wato bai kai buhu 5 ba. Wasu ma awonsu bai kai haka ba.

Waɗanda aka ɗauke ma

Dokar ta ware wasu kaya, ta ce ba sai an rubuta su ba. Cikinsu akwai kayan da ake aiki da su a asibiti, ko wani gidan likita, ko ɗakin bincike. Ɗakin bincike shi ne inda masana ke gwajin jini, ko ruwa, ko ƙasa, ko sabon magani. Amma akwai sharaɗi. Sai in kayan yana ƙarƙashin kulawar mutum mai ilimin aikin, wanda ke sa ido a kai da kansa.

Mi ya sa aka yi haka? A irin waɗannan wurare kayan iri-iri ne, amma yawanci kaɗan-kaɗan ne, cikin ƙananan kwalabe. Yau a buɗe wannan, gobe a kawo wancan. Mai aiki da su kuma ya yi karatun su. Ya san wanda ke kama wuta, ya san wanda ba a haɗa shi da ruwa. Wato an dogara ga mutum a madadin takarda.

Rangwamen yana da iyaka. Kayan aka ɗauke ma, ba gidan gaba ɗaya ba. In asibiti yana da babban tanki na gazuwal don injin lantarki, wannan ba kayan jinya ba ne. In ya kai awo, sai an rubuta shi. Ɗakin binciken da ya koma yin kaya don sayarwa ya zama masana'anta, babu rangwame gare shi. Haka kuma, in gidan ya tara guba mai tsanani har ta kai awon da aka yanke mata, wani sashe na dokar ya ce sai ya sanar da hukuma don a yi shiri da shi.

Duk da haka akwai abin dubawa. Gobara ba ta tambayar ko kaya na likita ne. Iskar oksijan da ake ba marar lafiya tana rura wuta ƙwarai. In wuta ta tashi da dare, masanin yana gida, ɗan kashe gobara zai shiga ɗakin da bai san cikinsa ba. Rangwamen yana da amfani ne muddin mai kulawa yana nan, kuma ya gaya ma wasu abin da ya sani.

Manomi ma yana ciki

Dokar ta yi ma manoma irin wannan rangwame. Kayan da ake aiki da su a gona yau da kullum ba a rubuta su. Haka ma takin zamani da ɗan kasuwa ya ajiye don sayar ma manomi kai tsaye.

Amma taki ma yana da nashi haɗari. A wani ƙaramin gari mai suna West, cikin jihar Tekzas, akwai mangazar wani kamfani mai haɗa taki yana sayarwa. Ran 17 ga Afrilu 2013 wuta ta kama ta. Ƴan kashe gobara na garin, waɗanda ke aikin sa kai, suka sheƙo. Bayan kamar minti 20 takin ya fashe. Irin takin nan ne da ake kira amoniyom nitrat. Mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kawo agaji ne. Fiye da 260 suka ji ciwo. Makaranta da gidan tsofaffi da gidaje da yawa suka lalace.

Abin lura shi ne, wannan kamfani ya cika takarda. Ya rubuta tan 270 na takin a lissafinsa na 2012. Amma masu bincike sun gano ba a koya ma ƴan kashe gobarar yadda ake yi da wutar irin wannan taki ba, ba a kuma yi shiri da su ba. Takardar da ke kwance cikin ofis ba ta ceci kowa ba.

Abin da ya shafi karkara

Wannan doka ta Amurka ce, ba ta aiki a Nijar. Amma Nijar ta san wahalar tsohuwar guba. A 1991 sai da aka kwashe ragowar wani maganin fara mai suna diyeldirin daga ƙasar, aka kai Turai aka ƙone. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Garin da ke da mangazar taki ko ta maganin ƙwari yana iya yin nashi lissafi. Littafi ɗaya da biro sun isa. A rubuta sunan magani, da yawan jarka ko buhu, da ranar da ya shigo, da ranar da zai lalace. A ware mutum ɗaya mai riƙon mabuɗi, da mataimakinsa. A nuna ma maigari da malamin gona da malamin asibiti littafin. Kada a cire takardar da ke jikin jarka. In wani ya sha guba, a tafi da jarkar tare da shi gidan likita, don a san irin maganin da za a ba shi. Kada a ajiye taki kusa da man fetur ko wuta, kada a haɗa guba da hatsi ɗaki ɗaya.

Wannan aiki ne da ya dace da waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Mai iya rubuta sunansa yana iya rubuta sunan magani, ya kuma karanta ma jama'a a bakin mangaza.