An Ƙara Gas, Amma Sanyin Mota Yana Zuwa Yana Ɗaukewa

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, kasuwar masu gyaran AC ɗin mota take buɗewa. Kusan duk wanda ya je da kukan rashin sanyi amsa ɗaya yake ji: "Alhaji, gas ne ya yi ƙasa." A ɗura masa, ya biya, ya tafi yana murna. Ba a jimawa sanyin zai fara wasa da hankalinsa, yanzu ya zo, an jima ya ɗauke. Ya koma, a sake ɗurawa. A nan kuɗin mutane da yawa suke zurarewa.

Gas ɗin AC ba fetur ba ne da yake ƙonewa. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu, kuma in ban da ɗan abin da ke sulalewa a tsawon shekaru, bai kamata ya ragu ba. In ya ƙare cikin wata biyu, to akwai inda yake yoyo, sau da yawa za ka ga alamar maiƙo a mahaɗar tiyo ko a jikin kondansa. Amma sanyi mai zuwa yana ɗaukewa bayan an yi ƙari, wannan wata magana ce daban, kuma lokacin da yake ɗaukewar shi ne zai nuna maka inda gizo ke saƙar.

Fara da yawan gas ɗin kansa. Ɗaga bonet, za ka ga wata 'yar takarda manne da ta faɗi nau'in gas da nauyinsa. Yawancin ƙananan motoci kusan rabin kilo suke ɗauka, wasu su ɗan haura. Mai gyaran da ya ɗura da ka, yana taɓa bututu da hannu har ya ji ya yi sanyi, yana iya zarce ƙa'ida. Da rana ta take, matsin gas ɗin ya hau, sai makunnin kariya ya yanke wa kwamfireso wuta don kada wani abu ya fashe. Matsin ya sauka, ya sake kamawa. Za ka ji shi yana "tak, tak" a kai a kai, da safe sanyi lafiya lau, da azahar babu. Maganinsa a kwashe gas ɗin a auna shi a kan sikeli, ba a ƙara wani ba.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne danshi. In bututu ya daɗe babu gas, ko an kwance shi an bar shi a buɗe, iska mai laima takan shiga. Ƙa'ida ita ce a haɗa injin zuƙe iska ya yi aiki kamar rabin awa kafin a ɗura sabo, amma mai gaggawa, ko wanda babu wuta a shagonsa, yakan tsallake wannan. Ruwan da ya rage, ko da ɗigo ne, yana zagayawa har ya isa wani ɗan bawul mai ƙaramar kafa inda gas yake fesuwa ya yi sanyi. R134a kuwa yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri, don haka ɗigon nan ya daskare ya toshe kafar. Ka tashi mota, sanyi ya yi ta zuba na minti goma sha biyar ko ashirin, sai ya ɗauke, alhali iskar tana fitowa da ƙarfinta. Ka kashe, ka tsaya ka sayi kati, ka dawo ka kunna, ga sanyi ya dawo, domin ƙanƙarar ta narke. Mai irin wannan matsala ko gwangwani goma aka ɗura masa aikin banza ne. Sai an kwashe, an canja matatar da ke tsotse danshi, an zuƙe iska yadda ya kamata.

Kada a haɗa wannan da wani mai kama da shi. In a doguwar tafiya ƙarfin iskar ne yake raguwa, fanka tana ƙara amma abin da ke fitowa kaɗan ne, sannan ka tsaya ka ga ruwa yana tsiyaya da yawa a ƙarƙashin mota, ƙanƙara ce ta lulluɓe na'urar da ke bayan dashbod. A duba matatar iskar cikin mota, wadda ƙurar hunturu kan cushe, da ma'aunin sanyin wurin.

Idan kuwa a buɗaɗɗiyar hanya sanyi na nan, amma da ka shiga cunkoson Kantin Kwari ya ɓace, zargi fankar gaban kondansa. Wannan kai ma kana iya gani da idonka: ka kunna AC mota na tsaye, ka leƙa ko tana juyawa. Wani lokaci fiyus ne ko rile, abin da bai kai kuɗin gwangwani ɗaya ba. Wani lokaci ƙura da fallayen leda ne suka rufe fuskar kondansar. A tsofaffin motoci kuma farantin kuloci na kwamfireso yakan cinye, ratarsa ta buɗe, ya kama da sanyin safiya, in inji ya ɗau zafi ya kasa.

Sai batun abin da aka ɗura. Tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da R12, yawancin motocin da ke titunanmu R134a suke amfani da shi, sababbin na Turai kuma, musamman daga 2017, R1234yf. Ba a gauraya su, ba a kuma zuba R22 na AC ɗin gida, domin matsinsa ya fi ƙarfin na mota. Akwai jabu a kasuwa, wani haɗe da gas mai kamawa da wuta. A 2011 jabun R134a mai ɗauke da sinadarin R40 ya fasa injinan sanyi na kwantenoni a Biyetnam da Barazil, har aka rasa rayuka. Ka nemi ganin tulun da za a ɗura maka, kuma in farashin ya yi araha fiye da kima, ka yi tambaya.

Akwai dabarar da wasu ke kawowa idan abin ya gagare su: "Maigida, bari mu haɗa maka shi dairet." Wato a tsallake makunnin kariya, kwamfireso ya yi ta aiki ba yankewa. Kada ka yarda. Sanyin zai tsaya na ɗan lokaci, amma abin da ya sa makunnin yake yankewa yana nan, kuma ƙarshensa tiyo ya fashe ko kwamfireso ya ƙone, ya watsa ɓurɓushin ƙarfe cikin bututun gaba ɗaya, gyaran da zai ninka na farko sau da yawa.