Malam Mamman Barka, Mawaƙin Da Ya Ceci Biram

A cikin mawaƙan zamani na ƙasar Nijar, kaɗan ne sunansu ya kai inda na Malam Mamman Barka ya kai. An haife shi a Tesker, cikin jahar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, a gidan Tubawa makiyaya. Ya shiga lakwal, ya yi karatu har ya zama malamin makaranta, ya yi shekaru yana koyar da yara.

Abin kiɗan da ya fara fito da shi a idon jama'a shi ne gurumi, wanda ake yi da duma, a rufe da fata, a ɗaura masa tsirkiya. Shi yake tsara waƙoƙinsa da kansa, yana rerawa da Hausa, da Barbarci, da Tubanci, da Faransanci. Saboda haka ya sami masoya daga Difa har Yamai, kuma muryarsa ta tsallaka iyaka ta shiga Nijeriya.

Amma babban aikinsa ya zo ne a lokacin da ya riga ya yi suna. A bakin tafkin Cadi, Buduma masunta suna da wani abin kiɗa na kaka da kakanni mai suna biram. Siffarsa kamar ta kwalekwale ce, tsirkiyarsa biyar, kuma Buduma suna ba shi girma ƙwarai. Sannu a hankali samari suka juya masa baya, har ya zamana wani dattijo, Bukar Tar, shi kaɗai ya rage a cikin gwanayensa. Da ajali ya riske shi ba magaji, da kiɗan biram ya bi shi kushewa.

A shekarar 2002, da taimakon hukumar UNESCO, Malam Barka ya tafi wurin dattijon nan, ya durƙusa gabansa ya zama almajiri. Mutumin da ya saba tsayawa gaban allo, wanda ake tafa wa a dandali, ya koma koyon ɗaura tsirkiya da harda waƙoƙin da ba da harshensa aka yi su ba. Gaskiyar Hausawa, gemu ba ya hana ilimi. Bukar Tar ya yaba da haƙurinsa, ya damƙa masa biram amana.

Malam Barka ya riƙe amanar. Shi da abokin aikinsa, makaɗi Umaru Adamu, sun kai biram ƙasashen Turai, kuma a 2009 wani kamfani na Ingila ya fitar da faifansu. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga watan Nuwamba 2018.

Labarin nan ya shafi ƙasar Arewa kai tsaye. A Dogonduci, da Tibiri, da Matankari, akwai tsofaffi masu goge da gurumi waɗanda ke riƙe da taken sarakuna da kirarin mazan jiya a ka, ba a takarda ba. Duk wanda ya kwanta dama ba almajiri, da abin da ya sani yake tafiya. Ya kamata hukumomin gundumomi da gidajen rediyon karkara su ɗauki muryoyinsu tun suna raye. Sai dai faifai ajiya kawai yake yi. Ba ya koya wa yatsa taɓa tsirkiya. Wannan sai an sami saurayi mai haƙuri da zai zauna gaban tsoho, kamar yadda Malam Barka ya zauna gaban Bukar Tar.