Yadda ganyen dawa ke cika buhu a Gadarif

A jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, inda Hausawa suka zauna tun zamanin da alhazai ke tafiya Makka a ƙafa, dawa da riɗi ne ginshiƙin noma. Ruwan sama ake dogara da shi, daga Yuni zuwa Oktoba, ga kuma zafin rana. Sirrin juriyar dawa yana cikin ganyenta.

A ganye ne shuka ke haɗa abincinta. Faɗinsa na tare hasken rana, rashin kaurinsa kuma na barin hasken ya ratsa ciki. Korensa ya samo asali ne daga sinadarin kulorofil, wanda ke kama hasken. Jijiyoyin ganyen na kawo ruwa daga saiwa, iskar kabon kuma na shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Daga ruwa da iskar nan, da ƙarfin haske, ake samun sukari, iskar oksijin ta fita. Sukarin ne ke hawa zangarniya ya zama ƙwaya.

Matsalar ita ce duk lokacin da ƙofofin suka buɗe, ruwa na tsere wa shuka. Dawa na da dabaru uku. Farar hodar nan mai kama da kakin zuma da ke jikin kara da ganye tana rage zubar danshi. Idan fari ya tsananta, ganyen na naɗewa don ya rage wurin da rana ke duka. Sannan tana cikin shuke-shuken da masana ke kira C4, tsarin da Hatch da Slack suka bayyana a Ostareliya a 1966: tana tara iskar kabon a kewayen jijiyoyinta, don haka ko ƙofofin ba su buɗe sosai ba, aiki na tafiya. Gero da masara ma haka suke, riɗi kuwa ba shi da wannan tsari.

Ganyayen sama ne suka fi ciyar da zangarniya. Manomin da ya tsinke su don dabbobi kafin ƙwaya ta ƙosa, ko ya bari fara ta cinye su, buhunsa ya rage. Idan kuma ganyayen ƙasa suka fara rawaya tun shuka na ƙarama, sau da yawa alama ce gona na neman taki.