Ƙwaron da ake kiwo don ya ci kainuwa

Kainuwar nan mai fure ruwan shuɗi da ke toshe Kogin Kwara da Tafkin Kainji baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta fito. Ta baro maƙiyanta a can gida, shi ya sa take ninka kanta cikin kamar mako biyu, ta hana kwalekwale wucewa, ta yaga koma. Sai masana suka je ƙasarta suka ɗauko mata maƙiyin, wani ɗan ƙwaro mai dogon baki da ake kira Neochetina. An sake shi a Farin Nilu na Sudan a ƙarshen shekarun 1970, a Benin daga 1991, a ɓangaren Yuganda na Tafkin Biktoriya kuma a 1995, inda masunta da kansu suka riƙa kiwonsa a tankuna suna kaiwa tafkin.

Da dare yake kiwo, da rana ya ɓuya a gindin ganye. Alamar ya zauna ita ce ƙananan tabo a fuskar ganyen, inda ya kankare. Babbar ɓarnar ta tsutsarsa ce: macen kan saka ƙwai a cikin kara, tsutsa ta huda ta gangara, ruwa ya shiga, tsiron ya ruɓe ya nutse.

Wurin sakin ne ake yawan ɓata aikin. A nemi lungun da ruwa ke kwance, don kada igiya ta kwashe kainuwar da ƙwarin duka. A cusa tsirran da ke ɗauke da ƙwai da tsutsa a tsakiyar lafiyayyu, da yamma in rana ta yi sanyi. Sannan a ƙyale wurin. Wanda ya zo bayan wata biyu ya ga ciyawa na nan kore shar, ya yi mata feshi ko ya sa a janye ta, to da ƙwarin ya haɗa. Shekara uku zuwa biyar aikin ke ɗauka, kuma inda kwata da takin zamani ke kwarara cikin ruwa, kainuwar kan fi ƙarfin ƙwaron.

Manomi zai tambaya, in ta ƙare ba zai koma wa shinkafa ba? Tambaya ce mai kyau. An gwada shi a killace da amfanin gona iri-iri kafin a sake shi, kuma ba ya iya hayayyafa a kansu. Ko kachalar da ta addabi Haɗeja da Nguru ba ya taɓawa. Wannan gwajin ne dalilin da ya sa ba a shigo da irin waɗannan ƙwari sai da izinin hukumar killace tsirrai.