Cutar Ƙunar Shinkafa da Hanyoyin Shawo Kanta

Gabatarwa

Masana'antun gyaran shinkafa da ke Sharaɗa da Calawa da Bompai a Kano sun dogara ne a kan shanshera da manoma ke kawowa, musamman daga Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974. Saboda haka duk abin da ya taɓa gona, ya taɓa ma'aikacin masana'anta da ɗan kasuwa da magidanci. Daga cikin manyan abokan gabar shinkafa akwai wata cuta da masana ke kira bilas, wadda a nan za mu kira cutar ƙuna, domin gonar da ta kama takan yi kamar wuta ta bi ta kanta.

Asalin Cutar

Cutar daɗaɗɗiya ce. An yi bayaninta a rubuce a ƙasar Sin tun 1637, inda aka kira ta zazzaɓin shinkafa. Abin da ke haddasa ta wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, mai suna Magnaporthe oryzae a kimiyyance. Masana sun ƙiyasta cewa a kowace shekara takan halaka kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na shinkafar duniya. Ban da shinkafa, danginta sukan kama gero da tamba da alkama. An fara ganin nau'in da ke kama alkama a Birazil a 1985, ya ɓulla a Bangaladash a 2016, sannan aka same shi a Zambiya a 2018. Wannan ya isa jan kunne ga masu noman alkama a Kadawa.

Yadda Take Kamawa

Irin wannan cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, iska ce ke ɗauke da su daga gona zuwa gona. Idan ɗaya ya sauka a kan ganye mai raɓa, sai ya tsira ya manne, ya yi wani ɗan ƙullutu mai tara ƙarfi, ya huda fatar ganyen ya shige ciki. Cikin kimanin mako guda tabo zai bayyana, kuma kowane tabo yakan saki dubban sababbin iri da dare. Ta haka ne cutar ke game gona cikin ɗan lokaci.

Abubuwa huɗu ne ke taimaka mata: raɓa mai daɗewa a kan ganye, da yanayi mai laima da lumshi, da yawan takin Yuriya, da kuma ƙishirwar shuka. Shi ya sa ta fi tsanani da damina, kuma ta fi addabar shinkafar tudu a kan wadda ke tsaye cikin ruwa.

Alamominta

A ganye, ana ganin tabo mai faɗi a tsakiya da tsini a kai biyu, kamar ido. Tsakiyarsa ruwan toka ne, gefensa kuwa ruwan ƙasa. Idan tabban suka haɗu, sai ganyen ya bushe gaba ɗaya. A kara, gaɓa takan yi baƙi ta karye. Mafi muni shi ne kamun wuya, wato inda zangarniya ta haɗu da kara. Wurin yakan ruɓe, abinci ya daina isa ga ƙwaya, sai zangarniya ta yi fari fat babu tsaba, ko kuwa ta langaɓe. Ƙwayar da ba ta ƙosa ba kuma takan farfashe a injin gyara, darajarta ta faɗi.

Ya kamata a bambanta wannan da ɓarnar tsutsar kara, wadda ita ma ke sa zangarniya fari. Idan tsutsa ce, da an ja zangarniyar sai ta zare cikin sauƙi. Idan cutar ƙuna ce, za a ga baƙin tabo a wuya.

Hanyoyin Shawo Kanta

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan, domin zangarniyar da ta riga ta yi fari ba ta da magani.

1. A shuka iri mai juriya. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ce ke kula da nau'o'in shinkafa masu suna FARO. Amma a sani cewa cutar takan sauya kama ta karya juriyar iri bayan 'yan shekaru, don haka bai kamata gari guda ya dogara ga iri ɗaya tak ba.

2. Kada a ɗebi irin shuka daga gonar da cutar ta kama, kuma a cuɗa iri da maganin funfuna kafin shuka.

3. A raba takin Yuriya kashi biyu ko uku maimakon zuba shi lokaci guda. Shukar da ta sha taki fiye da kima takan yi kore shar, amma ganyenta ya yi laushi, cutar ta sami mashiga.

4. Kada a bar fangali ya bushe, kuma kada a cunkushe shuka, domin iska ta ratsa ta busar da raɓa.

5. Bayan girbi a kawar da ragowar karare da ciyayin gefen gona, domin a nan cutar ke fakewa.

6. Idan an ga tabo a ganye, a nemi shawarar malaman gona na hukumar KNARDA. Feshin magani irin su Tricyclazole ya fi amfani daf da fitar zangarniya, lokacin da shinkafa ke da ciki.

Kammalawa

Yawancin waɗannan matakai ba sa bukatar kuɗi mai yawa, sani kawai suke bukata. Malamin da aka tura ƙauye zai tarar da cewa akasarin ɗalibansa 'ya'yan manoma ne. Idan ya iya bayyana musu wannan cuta da Hausar da iyayensu za su gane, ya koyar da harshe, ya kuma taimaka wajen tsare abincin gida.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa huɗu da ke taimaka wa yaɗuwar cutar ƙuna.
2. Yaya za a bambanta kamun wuya da ɓarnar tsutsar kara?
3. Tambayi manoman yankinku sunan da suke kiran wannan cuta, ka bayyana dalilin sunan.