Daga lifidi zuwa keken ɗinki: wane suna za mu ba trapunto da Hausa?

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wata matsalar ƙirƙirar kalmomi. Idan malamin ɗinki ya so koyar da fasahar trapunto a Agye, Gazawa ko Gidan Runji, da wace kalma zai kira ta? Ra'ayinmu shi ne, aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sunan kaɗai ne baƙo.

2. Yadda aikin yake

Kalmar ta Italiyanci ce. Ɗaya daga cikin tsofaffin misalanta shi ne bargon Tiristan, wanda aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14. Ana haɗa ƙyalle biyu, a bi zanen ado da ɗinki, sannan a cusa auduga cikin wasu sassa kawai, domin zanen ya taso.

A kan keke kuwa, an sauya tsarin. Mai koyo zai zana adon, ya sa shimfiɗar auduga a bayan ƙyallen, ya bi zanen da zare mai narkewa a ruwa, ko da ɗinkin wucin gadi da za a warware. Sai ya juya, ya datse audugar da ke wajen zanen da almakashi, ba tare da ya huda ƙyallen ba. Nan ne wuyar aikin take. Daga nan zai ƙara shimfiɗa ta biyu da ƙyallen baya, ya sake bin zanen da zaren ainihi, ya danne kewaye da layuka kusa da kusa. Gwargwadon dannewar kewaye, gwargwadon tasowar adon.

3. Lifidi

Hausawa sun daɗe da sanin ɗinki mai ciko. Lifidi, watau rigar kariyar doki da mahayinsa, ƙyalle ne da aka cika da auduga, sau da yawa ta rimi, aka bi shi da ɗinki. Kalmar ta samo asali daga Larabci libd. Ƴan lifida runduna ce sananniya a masarautun Hausa, irin su Gobir, wadda ta kafa sabuwar hedkwatarta a Tsibiri, cikin yankin Gidan Runji na yau, bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Bambancin shi ne, lifidi ko'ina ake cika shi domin tare kibiya, trapunto kuwa wuri wuri domin ado.

4. Zaɓin kalma

Hanyoyi 3 ke gabanmu. Ta farko aro ce. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu irin tr, kuma ba ta rarrabe p da f, saboda haka za a ji tarafunto, ko tarahunto a bakin mutanen Maraɗi, kamar yadda suke cewa lihidi. Amma wannan kalma ba ta gaya wa mai koyo kome.

Ta biyu ita ce ɗinkin cushe. Sai dai cushe yana ɗauke da ma'anar tura wa mutum abin da ba ya so.

Ta uku ita ce ɗinkin tudu, bisa tsarin ɗinkin hannu da ɗinkin keke. Tana nuna abin da ido ke gani, abin da yatsa ke ji.

5. Kammalawa

Muna goyon bayan ɗinkin tudu, tare da amfani da lifidi a matsayin misali tun darasin farko. Saura a kai kalmar rumfunan teloli, domin su ne za su karɓe ta ko su ƙi.